Dillaliya na son tafiya da 'yar yayata aikatau: riƙo ne ko safarar yara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ina aure a Kano, amma asalinmu wani ƙauye ne a Jigawa. Mijin yayata ya rasu ya bar mata yara biyar. Akwai wata mata da ke zuwa garinmu tana ɗibar yara mata zuwa aikatau Abuja da Legas. Yanzu ta ce a ba ta 'yar yayata mai shekara 11, za ta kai ta gidan wata Hajiya a sa ta makaranta, duk wata kuma a aiko wa uwar kuɗi ta riƙa tarawa na kayan ɗaki. Yayata ta yarda. Ni hankalina bai kwanta ba, amma da na yi magana sai aka ce ai riƙo ne, mu ma an riƙe mu. Don Allah wannan yana cikin abin da ake kira safarar yara? Me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mijin yayarki, ya raya abin da ya bari. In na fahimce ki, abu biyu ne ke damunki. Kina son sanin sunan wannan abin da ake shirin yi, ko riƙo ne kamar yadda dangi suka ce ko wani abu ne daban. Sannan kina neman yadda za ki hana ba tare da kin ɓata da yayarki ba. Na biyun ya fi wuya, don haka can zan fi daɗewa.

Na yi shekaru ina aikin kula da walwalar yara, kuma mafi yawan abin da na yi shi ne neman iyayen yaran da aka tsinta a tashar mota, ko aka kawo ofishin 'yan sanda, ko maƙwabta suka ceto daga wani gida. Idan aka ce safarar yara, abin da ke fara zuwa zuciyar mutanenmu shi ne ɓarawon da ke lallaɓowa ya ɗauke yaro a hanyar Islamiyya. Wannan yana faruwa. Mutanen Kano ba su manta 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace aka sayar a Anacha ta jihar Anambara, an sauya musu suna, wasu har Hausa ta kwance musu. A 2021 babbar kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Sai dai a cikin yaran da suka ratsa hannuna, waɗanda aka sace ba su taka kara sun karya ba. Yawancinsu iyaye ne suka yi musu wanka, suka ƙulle musu kaya a leda, suka raka su bakin titi suna cewa Allah ya kiyaye hanya, kuma wadda ta tafi da su sananniya ce a garin.

Abin da doka ta ce

A shekarar 2000 ƙasashen duniya suka amince da wata yarjejeniya da aka fi sani da sunan birnin Palermo na Italiya, ita ce ta fayyace ma'anar safarar mutane. Ga babba, sai an nuna an ɗauke shi ko an kai shi wani wuri ta hanyar tilas ko yaudara ko barazana, da nufin a ci da guminsa. Ga wanda bai kai shekara 18 ba, ba a buƙatar nuna tilas ko yaudara. Da zarar an ɗebo yaro, ko an yi jigilarsa, ko an karɓe shi da nufin a bautar da shi, to safara ce, ko da yaron da murnarsa ya shiga mota, ko da uwarsa ce ta miƙa shi.

Najeriya ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003, aka sake fasalin dokarta a 2015. A cikin dokar ta 2015 akwai sashen da ya yi magana kai tsaye a kan tambayarki: laifi ne a ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma laifin ya hau kan wanda ya ɗebo, da wanda ya yi jigila, da wanda ya karɓa ya ajiye. Hukuncinsa ɗauri ne daga wata shida zuwa shekara uku. Wanda ya haura 12 ma ba a sakar wa mutane shi ba, domin sa yaro aikin da zai cutar da lafiyarsa ko ya tauye tasowarsa yana da nasa hukuncin mai tsanani. Ga kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. To 'yar yayarki shekararta 11. A idon doka babu wani lauje cikin naɗi, abin da matar nan ke shirin yi laifi ne, da ita da Hajiyar da za ta karɓa.

Amma na san doka ba ita ce za ta gamsar da dangi ba. Su hujjarsu ita ce riƙo, kuma hujja ce mai nauyi, bai kamata ki raina ta ba.

Inda riƙo ya rabu da aikatau

Ni ma goggona ce ta riƙe ni, kuma ba na da-na-sanin haka. Riƙo irin wanda muka gada, kaka ko goggo ko inna ce ke ɗaukar yarinya, sau da yawa wadda Allah bai ba haihuwa ba ko wadda 'ya'yanta suka tasa. Yarinya ta zama 'yar gida. Tana shara tana wanke-wanke, amma kwano ɗaya take ci da yaran gidan, kuma ranar aurenta mariƙiya ce ke shan ɗawainiyar kayan ɗaki. Uwa ta san ƙofar gidan, ta san ɗakin da 'yarta ke kwana. In mariƙiya ta zalunci yarinya, akwai taron suna da na biki inda za ta haɗu da dangi ta ji kunya. Wannan kunyar ita ce katangar da ke tsare yaron riƙo. Kuma ki lura da inda dukiya ke tafiya: daga mariƙiya take fita ta sauka a kan yarinya.

A aikatau abin juyawa yake yi. Gumin yarinya ne ke zama kuɗi, kuɗin ya bi ta hannun dillaliya, abin da ya rage ya isa ƙauye. Uwar ɗakin ba ta san iyayen ba, ba za ta taɓa haɗuwa da su a wani biki ba, ita a ganinta ta biya. Ita kuwa dillaliya la'ada take ci, sau da yawa ta ɓangare biyu, wani lokaci har da albashin watan farko gaba ɗaya. A nan ne haɗarin yake, kuma shi ne abin da iyaye ba sa hangowa. Dillaliya ba ta samun wata riba in yarinya ta zauna lafiya a gida ɗaya shekara uku. Ribarta tana cikin sauyi, domin duk sabon gida sabuwar la'ada ce. Shi ya sa za ki ji an ce yarinya tana Abuja, bayan wata huɗu tana Kaduna, daga nan an miƙa ta ga wata dillaliyar da uwar ba ta taɓa jin sunanta ba. Ba sai an yi niyyar ɓatar da ita ba, da kanta take ɓacewa a tsakanin hannaye.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Direbobi suka kawo ta daga tasha, ba za ta wuce shekara goma ba, ta gudo daga gida na uku da aka kai ta. Sunan da take amsawa ba shi aka raɗa mata ba, wata uwar ɗaki ce ta sauya shi saboda ya yi daidai da na surukarta. Mahaifinta laƙabinsa kawai ta sani. Sunan ƙauyensu akwai irinsa a ƙananan hukumomi da dama. Abin da ya cece mu shi ne ta tuna kasuwar da ke kusa da su ranar Talata take ci, kuma akwai wata babbar kuka a bakin rijiya. Da wannan muka bi direbobin layi-layi har makonni. Da muka isa, uwar ta ɗauka 'yarta na gidan farko lafiya lau, domin dillaliya ba ta fasa aiko ɗan abin da take aikowa ba.

Maganar makaranta kuwa, kusan kowace dillaliya tana faɗinta, ita ce zumar da ake shafa wa maganar. Ki tambayi kanki, wanda ya ɗauko yarinya don ta yi rainon jariri da wanki da girki yayin da matar gida ke wurin aiki, da wane lokaci zai sake ta ta tafi aji? Abin da na fi gani shi ne 'yar aiki ta raka yaran gida makaranta ɗauke da jakunkunansu ta dawo. Ita ce farkon tashi kafin asuba, ita ce ƙarshen kwanciya, makwancinta kicin ko sito. In abu ya ɓace a gida ita ce ɓarauniya. Na ga tabon wayar wuta, na ga ƙunar ruwan zafi. Wanda ya fi duka muni shi ne wanda ba a gani a fata: yarinya ƙarama, babu nata ko ɗaya a garin, cikin gida mai samari da direba da maigadi, wani lokaci maigidan kansa. In ciki ya bayyana, a sa ta a mota da ɗan kuɗi a mayar ƙauye, can kuma a ce ita ce ta lalace.

Ban ce duk gidaje haka suke ba. Na san matan da suka riƙe 'yan aiki da tsoron Allah, suka sa su makaranta har suka aurar da su. Matsalar ita ce daga ƙauye ba ki da hanyar sanin wane gida 'yarku za ta faɗa, kuma wadda za ta zaɓa mata gidan ba amfanin yarinyar ne a gabanta ba.

Kada kuma ki ɗauka abin a Najeriya kaɗai ya tsaya. A Nijar, yankin Kance na jihar Damagaram ya yi suna wajen tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya bara, har da yaran da ake karɓa a hannun dangi da alƙawarin za a riƙa aiko musu rabonsu. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace da wasu a hamada bayan Arlit, mutum 92 ƙishirwa ta kashe, 52 daga ciki yara ne. Nijar tana da dokar hana safarar mutane tun 2010, amma talauci bai san doka ba. Salon ɗaya ne da na garinku: sananniyar fuska, alƙawarin kuɗi, iyayen da suka rasa mafita.

Yadda za ki tunkari yayarki

Kada ki fara da maganar doka ko hukuma. Mace ce da ta fita takaba da baki biyar a gabanta, kuma a ranta ba sayar da 'ya take yi ba, rage nauyi take yi tana kuma hangen ranar aure. In kika je mata da kalmar safara, za ta ji kin zage ta, ke da kike birni kina cin mai kyau. Ki fara da tambayarta abin da kuɗin zai toshe. Abinci ne? Bashi ne? Ko kuwa da gaske kayan ɗakin ne? Kowanne da maganinsa.

In kayan ɗaki ne, ku zauna ku yi lissafi tsakaninku. A abin da na gani, da wuya kuɗin aikatau ya kai ga gado da katifa. Yakan ƙare a hatsi da magani da bikin wasu tun kafin yarinya ta isa aure. Ni dai, in faɗi ra'ayina, wannan gasar jere da muka ɗora wa kanmu ta jefa 'yan mata talla da aikatau fiye da yadda yunwa ta jefa su, kuma ya kamata malamai su riƙa taɓo ta a wa'azi kamar yadda suke taɓo tsadar lefe.

Sannan ki nemi a yi wa dillaliyar tambayoyi a gaban yayarki, cikin ladabi, kamar mai son ƙarin bayani. Wace Hajiya ce, a wace unguwa, wace lamba? Mene ne sunan makarantar? Nawa Hajiyar za ta biya, nawa zai iso hannun uwa? Sai babbar tambaya: kawun yarinya zai bi ku ya ga gidan da idonsa, an yarda? Ki zuba ido ki ga yadda fuskarta za ta yi. Galibi a nan ake jin "ai manyan mutane ne ba sa son a riƙa yi musu zarya", ko ta yi fushi ta ce ba a yarda da ita ba, ga wasu can suna roƙo. Ba don in amsoshin sun yi daɗi a ba ta yarinyar na ce a yi tambayoyin ba. A shekara 11 shawarata a'a ce ko me ta amsa. Amfaninsu shi ne yayarki ta ji da kunnenta, ta fi yarda da abin da ta gani a kan abin da kika faɗa mata.

Ki kuma shigo da dangin uba. A al'adarmu baffannin yarinya suna da ta cewa a kanta, kuma sau da yawa ba a ma sanar da su ba sai bayan an tafi. Ki bincika ko an raba gado, domin na sha tarar da marayu suna da gona a hannun wani baffa yana nomawa, uwarsu kuma na neman tura su aikatau. A masarautun Jigawa akwai kwamitocin zakka, kuma marayu da zawarawa na cikin waɗanda ake dubawa, mai unguwa ko limami zai iya shigar da sunanta. Ɗan jarin ƙuli-ƙuli ko awara ko kiwon akuya da ku 'yan'uwa za ku haɗa mata, ko ku sa ta cikin adashi ku riƙa zuba mata na 'yan watanni, zai iya maye gurbin abin da dillaliya ta yi alƙawari.

Akwai kuma hanyar da ke hannunki. Tunda dangi sun ce riƙo suke so, ke ce innarta, ke kika fi cancanta. In maigidanki ya amince, ki ɗauke ta. Amma zan faɗa miki gaskiya a matsayin wadda ta ga abubuwa: wasu daga cikin yaran da suka fi shan wuya a gidan dangi suka sha ta. In za ki ɗauke ta, ki sa ta makarantar da 'ya'yanki ke zuwa, ta kwana inda suke kwana. In kin san ba za ki iya ba, gara ki taimaka mata tana gaban uwarta.

Batun kai ƙara

Matar nan ba 'yar yayarki kaɗai take nema ba, kin ce ɗiba take yi. Don haka ko kin tsare taku, gobe ta maƙwabta ce. Matakin farko a ƙauye shi ne mai unguwa da dagaci, kuma ya fi kyau namiji babba daga danginku ya kai maganar. Na ga garuruwan da dagaci ya kafa sharaɗin ba a fita da yaro sai an zo gabansa an rubuta inda za a kai shi, kuma wannan kaɗai ya sa dillalai suka sauya hanya, domin ba sa son rubutu. NAPTIP tana da ofishin shiyya a Kano, kina iya zuwa da kanki ki ba da bayani, ki roƙi a sakaya sunanki. Hisba da ma'aikatar harkokin mata su ma suna karɓar irin wannan ƙorafi.

Ki shirya wa abin da zai biyo baya. Dillaliya 'yar wani ce a garin, matar wani ce, kuma akwai gidajen da ke ganin ita ce ke rufa musu asiri. Wasu dillalan ma su kansu tsofaffin 'yan aiki ne, har ga Allah suna ganin taimako suke yi. Za a ce kin toshe wa mutane hanyar abinci. Ni daga nan ban ga matar ba, ba zan rantse miki muguwa ce ba, kuma ni ba lauya ba ce, in magana ta kai kotu sai ki nemi masana shari'a. Haka nan ba zan yi miki alƙawarin da kin kai ƙara komai zai tafi daidai ba. Ma'aikata kaɗan ne, wuraren ajiye yaran da aka ceto ba su wadata ba, kuma na ga yaran da muka mayar gida aka sake tura su bayan wata biyu, saboda abin da ya kore su tun farko yana nan.

In duk da haka aka tafi da ita

Yana iya yiwuwa ki yi iya yinki a ƙi ji. To kada fushi ya sa ki janye hannu. Kafin ta tafi, a karɓar mata takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya in ba ta da ita, ki ɗauki hotonta da na dillaliyar a wayarki. Ki zaunar da ita ki biya mata cikakken sunanta, da na mahaifinta, da sunan garinsu da ƙaramar hukuma da jiha, da lambar wayarki, ta haddace kamar yadda take haddace allonta. Takarda ana ƙwacewa, abin da ke ka ba a ƙwace shi. Ki gaya mata a fili, da kalmomin da za ta gane, cewa babu wanda ke da ikon taɓa jikinta, kuma in ta gudo ko ta kira ba za a dake ta ba. Yara da yawa suna haƙuri da azaba ne saboda an ce musu in suka dawo sun kunyata uwarsu.

Ki nace sai kin sami lambar gidan da take, ba ta dillaliya ba. Ki riƙa kira a lokuta mabambanta. In kullum amsar ita ce ta fita, ko tana barci, ko sai an kira ki daga baya, ko kuma kina jin tana magana da "e" da "a'a" kawai alamar akwai mai tsaye a kanta, to akwai matsala. In aka ce an sauya mata gida, ko sallah ta zo aka hana ta zuwa, kada ki jira wata sallar, ki tafi ofishin NAPTIP da hotunan nan da duk lambobin da kike da su. A aikinmu, neman yaron da aka rasa labarinsa mako biyu daban yake da neman wanda aka rasa shekara biyu, domin dillalai na sauya layin waya, masu gida na tashi.

In kuma ta dawo, a fara kai ta asibiti ko da ba ta ce komai ba, kuma mace ɗaya da ta yarda da ita ta riƙa jan ta da hira a hankali, ba a tara mata dangi ana yi mata tambayoyi ba. Wasu sai bayan watanni suke buɗe baki.

Amma duk wannan na bayan tafiya ne, ke kuwa har yanzu yarinya tana gida. Irin wannan magana ba ta yiwuwa a waya. Ki nemi izinin maigidanki ki je garin cikin makon nan, ki kwana ɗaki ɗaya da yayarki, ki tafi da ɗan abin da za ki iya na hatsi ko kuɗi don ta ga ba baki kaɗai kika kawo ba, kuma kafin ki juyo ki tabbata kin gana da babban baffan yarinyar.